Sai Ka Miƙe Zuciya Take Ƙara Bugu



'Yan uwa, kafin ku ci gaba da karanta wannan rubutun ina so kowa ya yi wani ɗan gwaji, ba zai ci masa minti biyar ba. A inda kake zaune ɗin nan, ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a kan wuyan hannunka ta ɓangaren babban yatsa. Za ka ji wata jijiya tana harbawa. Duba agogon wayarka ka ƙirga harbin na daƙiƙa 30, ka ninka shi biyu, ka riƙe lambar. To miƙe ka zaga tsakar gida, ko ka je bakin layi ka dawo, tafiya irin ta mai zuwa wani wuri, kamar minti uku. Kana tsayawa ka sake ƙirgawa. Wanda ya samu 70 a zaune zai iya samun 90 ko 100, wani ma fiye da haka, gwargwadon saurinsa da ƙarfin jikinsa.

Kai ne ka umarci ƙafarka ta taka, wannan babu musu. To ita zuciyar wa ya gaya mata? Ka taɓa zama ka ce mata "zan tashi, ki ƙara bugu ashirin"? A suratuz Zariyat, bayan Allah Ya ambaci ayoyin da ke cikin ƙasa, sai Ya juyo da mu ga kawunanmu, Ya tuhume mu a kan rashin dubawa. Wannan na daga cikin abin da ake so a duba ɗin.

Ga abin da likitoci suka yi bayani a kai, a taƙaice. Zuciyar baligi mai lafiya, idan yana hutawa, tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti guda. Idan ka ɗauki 70 ka lissafa, a yini da kwana ta haura bugu 100,000. A kowane minti tana tura jini kimanin lita 5, wato a kwana guda sama da lita 7,000. Ka ƙaddara jarka mai lita 25, kusan jarka 290 kenan. Mai ga-ruwan da zai tura wannan a rana ɗaya sai an kwantar da shi. Ita kuwa tun kana cikin mahaifiyarka take yi, ba ta taɓa karɓar hutun Sallah ba.

Da zarar ka miƙe tsaye, jini kimanin rabin lita ko fiye, kamar ledar fiyawata guda, yana gangarawa ƙafafu da ƙasan ciki saboda nauyinsa. Abin da ke komawa zuciya sai ya ragu, wanda ke hawa ƙwaƙwalwa ma yana neman raguwa. To akwai wasu 'yan ma'aunai da Allah Ya dasa a jikin manyan jijiyoyin jini na wuya da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, aikinsu kenan su ji ƙarfin jini ya sauka ko ya hau. Cikin daƙiƙoƙi sun kai rahoto ƙwaƙwalwa, ta mayar da umarni, jijiyoyi su ɗan tsuke, zuciya ta ƙara kamar bugu 10 zuwa 20. Ba don haka ba, da duk wanda ya miƙe sai ya zube. Wannan jirin da wani lokaci kake ji idan ka zabura daga kwance, idonka ya yi duhu na ɗan lokaci, 'yar tazarar da ke tsakanin gangarawar jinin da isowar gyaran ce.

Idan kuma ka fara takawa, tsokokin cinya da sharaɓa sun shiga aiki, suna neman ƙarin jini da iskar da huhu ya zuba a cikinsa. Sai zuciya ta ƙara yawan bugun, ta kuma ƙara yawan abin da take turawa a kowane bugu. Su kansu tsokokin sharaɓar, duk takun da ka yi suna matse jijiyoyin da ke cikinsu, suna mayar mata da jinin sama. Ita tana ba ƙafa, ƙafa tana taimaka mata. Shi ya sa mai tsayuwa ƙyam a rana, kamar ɗan fareti, ya fi mai tafiya kusa da sumewa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Zuciya tana da wani ɗan gurbi a cikinta wanda yake kunna bugun da kansa, kuma da za a ƙyale shi, gudun da zai yi ya kai kusan 100 a minti. Abin da ya sa kake samun 70 a zaune shi ne akwai wata jijiyar saƙo da ta sauko daga ƙwaƙwalwa tana riƙe da shi, kamar mahayi ya ja linzamin doki. Farkon abin da ke faruwa idan ka tashi tafiya, sassauta linzamin nan ake yi. Ƙarfin dama yana nan a ajiye, an riƙe shi ne saboda kana zaune. An ƙara fahimtar wannan a jikin waɗanda aka yi wa dashen zuciya, aikin da aka fara yi wa ɗan Adam a Afirka ta Kudu a shekarar 1967. Tunda an yanke jijiyoyin saƙon, sabuwar zuciyar tana bugawa da sauri ko a zaune, kuma idan mutum ya fara tafiya ba ta amsawa nan take, sai ta jira saƙo ya iso mata ta cikin jini. Kai da ba a taɓa taka ba, saƙon da ya tafi ƙafa tare yake fita da wanda ya tafi zuciya. Har ma yakan riga shi: ɗan tseren da ya durƙusa a kan layi yana jiran a busa, bai ɗaga ƙafa ba tukuna amma zuciyarsa ta riga ta hau.

Kada wani ya ce malam ya bar karatu ya koma likitanci. Duba irin wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ibnun Nafis, mutumin Sham da ya rasu a Alƙahira a shekarar 1288 miladiyya, likita ne kuma masanin fiƙihun Shafi'iyya. Shi ya yi bayanin cewa jini yana fita daga ɓangaren dama na zuciya ya bi ta huhu sannan ya dawo ɓangaren hagu, ya saɓa wa Jalinusu wanda aka shafe shekara sama da dubu ana bin maganarsa cewa akwai ƙofofi a bangon da ke tsakani. Sannan ina so a fahimce ni da kyau: ba ina cewa wata aya ta sauka tana bayanin bugun zuciya ba ne. Ni ba na cikin masu son duk abin da aka gano a ɗakin bincike sai an jawo aya ta ƙarfi an ɗora a kai, gobe binciken ya canza a bar mutane cikin ruɗani. Haka kuma malamai sun yi magana mai tsawo a kan alaƙar tsokar da ke ƙirji da zuciyar da ake nufi idan ana maganar imani da nifaƙi. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya nuna akwai tsoka a jiki wadda gyaruwar jiki da lalacewarsa suke rataye da ita. A nan zan tsaya. Abin da zan yi buga misali ne, kuma buga misali hanya ce ta Alƙur'ani.

Tambayar da ta fi zuwa mini daga matasa, maza da mata, kusan lafazinta ɗaya ne: "Malam, zuciyata ta mutu. Ba na jin daɗin sallah, ba na iya buɗe Alƙur'ani, ina jira in ji imanina ya dawo in gyara." Wani ya ce yana jiran azumi. Wani sai ya yi aure. Wata ta ce sai ta gama jarrabawa. Akwai wanda ya ce mini shi ba ya son yin ibada alhali ba ya jin ta a ransa, don kada ya zama munafuki. Wallahi wannan ta ƙarshen ita ta fi ba ni tsoro, domin Shaiɗan ya ɗauko kasala ya sa mata rigar ikhlasi.

Ɗan uwa, wanda ya zauna a kujera ya ce ba zai tashi ba sai ya ji zuciyarsa ta kai bugu 100 don ya samu ƙarfin tafiya, yaushe zai tashi? Zai kwana a nan. Ba a sakin linzami ga mazauni, me zai yi da shi? Dubi hadisin ƙulli uku da Bukhari da Muslim suka fitar daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda. Ma'anarsa, Shaiɗan yana yin ƙulli uku a ƙeyar mai barci yana rarrashinsa cewa dare na da saura. Ambaton Allah yana kwance na farko, alwala ta kwance na biyu, sallah ta kwance na uku. A ina aka ambaci nishaɗi a hadisin? A ƙarshe. Bayan ya tashi, bayan ruwan sanyi ya taɓa shi, bayan ya yi sallar, sannan ya wayi gari da nishaɗi da daɗin rai. Wanda ya ci gaba da kwanciya shi aka siffanta da kasala da ƙuncin rai. Mu kuma mun juya lissafin, muna so a ba mu nishaɗin tun muna cikin bargo.

Ayar ƙarshe ta suratul Ankabut ma a kan wannan jerin ta zo, an gabatar da ƙoƙarin bawa sannan alkawarin shiriya ya biyo. Haka hadisin ƙudusin da aka sani, wanda a cikinsa Allah Yake ba da labarin cewa bawan da ya nufo Shi da tafiya, Shi Yana fuskantarsa da abin da ya fi haka sauri, yadda ya dace da girmanSa. Tafiya aka ambata fa. Ba a nemi ka yi gudu ba, ba a kuma yi wa mazauni wannan alkawarin ba. Ba ina cewa bawa ne ke shiryar da kansa ba, a'a, ko miƙewar ma dacewa ce daga Allah, kamar yadda ba kai ka ƙera jijiyar da ke sassauta linzamin ba. Amma Wanda Ya tsara abin haka Ya tsara shi, kuma ba zai canza tsarinSa don ni da kai ba.

Idan kana so ka ga yadda zama yake cin mutumin kirki, koma ƙissar Ka'abu ɗan Malik a yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira. Ka'abu ba munafuki ba ne, yana cikin waɗanda suka yi mubaya'ar Aƙaba. Shi da kansa ya ba da labarin cewa bai taɓa samun ƙarfi da wadata kamar na wannan lokacin ba, har raƙuman hawa biyu gare shi. Zafi ake yi mai tsanani, tafiyar doguwa ce, 'ya'yan itace sun nuna a Madina, inuwa ta yi daɗi. Bai taɓa yanke shawarar ba zai je ba. Kullum zai fita da safe da nufin yin shiri, ya dawo bai yi komai ba, yana gaya wa kansa ai duk lokacin da ya so zai iya. Runduna ta tashi, ya ce zai shirya bayan kwana ɗaya ko biyu ya cim musu. Haka har suka yi nisa. Da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya dawo, mutum tamanin da wani abu suka zo suka yi rantsuwa da uzurin ƙarya. Ka'abu ya faɗi gaskiya cewa ba shi da uzuri, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya. Aka ƙaurace musu kwana 50, babu mai yi musu magana, har ƙasa ta yi musu ƙunci duk da faɗinta, kafin Allah Ya saukar da karɓar tubarsu a suratut Tauba.

Me ya kayar da shi? "Zan tashi." Kalmar da ni da kai muke faɗa tun ƙarfe huɗu da rabi na asuba. Kuma a cikin surar, game da munafukai, an ba mu ma'aunin da za mu gane niyyar gaskiya: da sun yi nufin fita da gaske, da an ga sun yi tanadinta. Nan ne bambancin buri da azama. Ɗan tseren nan da zuciyarsa ta hau kafin a busa, ya sa takalmi, ya zo fili, ya durƙusa a layi. Wanda ke kallonsa a waya yana cewa "ni ma wata rana zan fara motsa jiki", auna nasa bugun, yana nan inda yake. Kana cewa kana son asuba a jam'i: ƙarfe nawa ka ajiye waya jiya da dare? Ina ka ajiye ta, a ƙarƙashin matashi ko inda sai ka taka kafin ka kashe ƙararrawar? Kin ce kina son komawa hadda: kin yi wa malamar magana? Mai son biyan bashi, ko naira dubu ka taɓa cirewa ka kai?

Akwai wani abu kuma da ya kamata masu dawowa su sani. Wanda ya daɗe ba ya motsi, ranar da ya fara tafiya zuciyarsa tana dukan ƙirji, yana haki a kan abin da wani zai yi yana hira. Idan ya ɗore makonni, sai ka ga tafiyar da take kai shi 120 yanzu ba ta kai shi can ba, bugunsa na hutu ma ya sauko, saboda tsokar ta yi ƙarfi, bugu ɗaya yana tura abin da ya fi na da. Masu tseren dogon zango akan samu nasu a wajen 50 ko ƙasa da haka. To haka raka'a biyun farko na dare take ga wanda ya shekara bai yi ba: nauyi, hamma, tunani ya tafi kasuwa. Kar ka ɗauki nauyin nan a matsayin shaidar ba a karɓa ba. Kuma kar ka ce daga yau izu biyar kullum, kwana uku ka yasar. Aikin da aka fi so a shari'a shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne, kowa ya san wannan hadisin na Nana A'isha.

Bari in dawo kan tafiyar kanta, ta ƙafa, domin ita ma ibada ce da muke sakaci da ita. Banu Salima sun so su taso daga unguwarsu su dawo kusa da masallacin Annabi, sai ya umarce su su zauna a gidajensu, ya sanar da su ana rubuta sawunsu. Ubayyu ɗan Ka'abu ya ba da labarin wani mutum da ya fi kowa nisa da masallaci amma sallah ba ta wuce shi. Aka ba shi shawara ya sayi jaki saboda duhu da zafin rairayi, ya nuna shi yana so a rubuta masa zuwansa da komawarsa, Annabi kuma ya tabbatar masa Allah Ya haɗa masa duka. Duk biyun suna cikin Muslim. Yau saurayi mai shekara 25, masallaci na bayan layinsu, sai ya tayar da babur. Ban ce haramun ba ne, kar a je a ce na faɗa. Amma taku nawa ya bari a ƙasa, kowanne da ɗaga daraja da kankare zunubi? Ga kuma jikin da ya wuni a zaune, daga benci a shago zuwa tabarma a majalisa, ana ta danna waya, sannan a shekara 40 a fara zaryar awon hawan jini da suga.

Sai dai tafiya aka ce, ba sassarfa ba. Abu Ƙatada ya ruwaito cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya ji hayaniyar wasu mutane suna gaggawar riskar sallah, da ya idar sai ya hana su, ya umarce su su riƙa zuwa da natsuwa, su sallaci abin da suka samu, su cika abin da ya wuce su. A matsayina na liman ina jin wannan kusan kullum: ina ruku'u, sai ƙarar silifa daga bakin ƙofa, wani har da gyaran murya wai don in jira shi. Wanda ya sheƙo da gudu zuciyarsa ta hau sosai, kuma ba ta sauka nan take, tana ɗaukar mintuna. Ya samu raka'ar, amma har a yi sallama haki yake, bai san me aka karanta ba. Tafiyar natsuwa tana ɗan ɗaga bugun, ta kori magagi, ka iso a farke. Maganin gudun shi ne ka fito da wuri. Shari'a ta kuma san inda ake buƙatar saukar da zuciya: a hadisin Abu Zarri da Abu Dawuda ya fitar, an umarci mai fushi idan yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kishingiɗa.

Wani zai auna ya ga abin da ya tsorata shi, don haka dole in faɗi wannan. Bugu ya ƙaru saboda ka tashi ko ka yi tafiya, sannan ya sauko bayan ka huta, wannan lafiya ce. Abin da ake kai wa asibiti shi ne: ciwo ko nauyi a ƙirji idan kana tafiya, numfashi ya gagara a kan ɗan taku kaɗan, sumewa, kumburin ƙafafu, zuciya ta riƙa fizga ko tsalle alhali kana zaune lafiya, ko kasa kwanciya sai an tara matasai. Ƙarancin jini yana sa bugu ya yi yawa, zazzaɓi ma haka, rashin ruwa a jiki ma haka. Ina roƙon magidanta musamman: matar da ta haihu, a watannin jego ta fara haki da kumburi da tari idan ta kwanta, a gaggauta kai ta. Akwai ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki da bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya, likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Ba duk faɗuwar gaba ce aljani ko sammu ba. A yi addu'a, a yi ruƙiyya ta shari'a, amma a tafi asibiti a ranar, kada a shafe wata ana hayaƙi.

Iyayenmu tsofaffi da masu shan maganin hawan jini, idan za ku tashi sallar dare ko asuba, ku fara zama a bakin gado kamar minti guda, ku motsa ƙafafu, sannan ku miƙe kuna dafa wani abu. Faɗuwa a banɗaki da duhun asuba ta karya ƙugun mutane da yawa. Haka mai azumi a lokacin zafi, idan ya daɗe a zaune kada ya zabura.

Wanda kuwa ciwo ya zaunar, ko shanyewar jiki, ko tsufa, duk faɗan da na yi a sama ba da shi nake ba. Imrana ɗan Husaini yana fama da rashin lafiya ya tambayi Annabi game da sallah, aka ba shi izinin ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Kuma Bukhari ya fitar daga Abu Musa cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa kwatankwacin abin da yake yi lokacin da yake lafiyayye a gida. Dattijon da ya shekara 40 yana takawa masallaci, yau yana kwance yana jin kiran sallah daga ɗaki, sawunsa na nan ana rubutawa. 'Ya'yansa su gaya masa wannan, domin da yawansu suna kuka a kai a ɓoye.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu. Wallahu a'alam.